Malama Tu Youyou: Matar da Ta Samo Mana Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

  A sassauta wutar murhu, a matso kusa, don zancen namu na yau ya shafi kowane ɗaki da ke cikin kowane gida.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta aiko mana da saƙo mai ɗauke da tambaya. Ta ce ita dai a saninta, da can idan zazzaɓi ya kama mutum kulorokwin ake sha, ƙwaya kaɗan, a yi ta susa kwana biyu, a miƙe. Yanzu kuwa an ba ta wani magani ƙwaya 24, an ce ta sha huɗu da safe huɗu da dare har kwana uku. Ta sha na kwana ɗaya ta ji garau, sai ta ajiye sauran saboda gaba. Bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo, har ya fi na farko zafi. Shi ne take tambaya, shin maganin ne na jabu, ko kuwa zazzaɓin zamani ne ba ya jin magani?

To 'yar uwa, amsar tambayarki tana cikin labarin wata mata 'yar ƙasar Sin, wato Caina, wadda ita ce ta samo asalin maganin nan da aka ba ki. Sunanta Tu Youyou, ana faɗinsa kamar a ce Tu Yoyo. Mu dai mu riƙa ce mata Malama Tu. Idan kika ji yadda aka sha wuya kafin a samo maganin, da yadda yake aiki a jiki, ke da kanki za ki gane inda aka kuskure.

Wane ne abokin gaban?

Kafin mu je ga magani, bari mu san ciwon. Da yawanmu mun taso muna jin cewa shan rana ne ke kawo zazzaɓi, ko dukan ruwan sama, ko cin ɗanyen mangwaro da sabuwar masara. Dalilin da ya sa aka yi wannan zato shi ne duk abubuwan nan suna zuwa ne tare da damina ko dab da ita, lokacin da sauro ke yawa.

A shekarar 1880 wani likitan soja Bafaranshe mai suna Laveran, yana aiki a ƙasar Aljeriya, ya duba jinin mai zazzaɓi da madubin likita, ya ga wasu 'yan halittu ƙanana suna motsi a ciki. Daga nan aka san cewa ƙwayar cuta ce mai rai. Amma ta ina take shiga? Sai a 1897 wani likita Bature ɗan Birtaniya, Ronald Ross, da ke aiki a Indiya, ya fede cikin sauron da ya ciji mai zazzaɓi, ya tarar da ƙwayar cutar a ciki. Ashe sauro ne ɗan aike.

Kuma ba kowane sauro ba. Tamatar wani jinsin sauro ce da ake kira anofilis, wadda ke buƙatar jini don ƙwanta ya nuna. Ta fi cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba. Idan ta ciji mai ciwon ta zuƙo ƙwayar cutar, bayan kwana goma ko fiye ta ciji mai lafiya, sai ta zuba masa ta cikin yawunta. Ƙwayar cutar takan fara sauka a hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa shiru, mutum bai san abin da ake ciki ba. Daga nan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana cin abin da ke cikinsu, tana ƙara hayayyafa. Duk bayan kwana biyu sai ƙwayoyin jinin su fashe, sababbin 'ya'ya su fito su kama wasu. Wannan fashewar ita ce ke kawo rawar ɗari da zafin jiki da ciwon kai.

Kin ga ke nan dalilin da ya sa yaron da ke yawan zazzaɓi yake ɗashewa, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari, a ce jininsa ya ƙone. Idan ƙwayoyin jinin da suka kamu suka maƙale a ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, sai a ga yaro yana jijjiga, yana taune-taune, ido ya kafe, har ya suma. Idan mai ciki ce, sukan taru a mabiyiya su tare wa ɗan tayi abinci, a haife shi ɗan mitsitsi, ko cikin ya zube.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an yi zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 kuma suka rasu. Kusan kashi 95 cikin 100 na mace-macen a Afirka ne, kuma wajen uku cikin kowane huɗu na waɗanda suka rasu a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki wajen kashi 30 cikin 100 na mamatan duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi asara. 'Yan uwa, waɗannan ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Yadda kulorokwin ya gaza

Ni ma na sha kulorokwin ina ƙarama, kuma har yau ban manta ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa ba. A zamaninsa magani ne na gaske, ga araha ga aiki. Amma ƙwayar cuta abu ne mai rai, tana neman tsira kamar kowa. Idan aka sha magani rabi da rabi, raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin kai su rage, su ne za su haihu, 'ya'yansu su gaji taurin kan. Sauro kuma ya kwashe su ya kai gidan maƙwabta.

Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin zazzaɓin da ba ya jin kulorokwin a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka. A ƙarshen shekarun 1970 ya iso Gabashin Afirka, sannu a hankali ya game nahiyar. Yara suka riƙa mutuwa da magani a cikinsu.

A shekarun 1960 ana yaƙi a ƙasar Biyetnam, tsakanin 'yan arewacin ƙasar da sojojin Amurka. A cikin dazuzzukan nan zazzaɓi ya riƙa kayar da sojojin ɓangarorin biyu. Amurkawa suka gwada sinadarai sama da 200,000 suna neman sabon magani. Su kuma 'yan Biyetnam ta Arewa suka nemi taimakon ƙasar Sin. Ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Sin ta kafa wani aikin bincike na sirri, aka sa masa suna 523 saboda watan da ranar da aka kafa shi, aka tara masana sama da 500. A cikin wannan aiki ne Malama Tu ta shigo.

Wace ce ita?

An haife ta ranar 30 ga Disamba, 1930, a garin Ningbo da ke gabashin ƙasar Sin, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan gidansu. Iyayenta suka sa ta makaranta kamar yadda suka sa 'yan uwanta maza. Tana da shekara 16 tarin fuka ya kama ta, ta yi shekara biyu a gida tana jinya. Wannan kwanciya ita ta sa mata sha'awar sanin magani. Ta karanci ilmin haɗa magunguna a birnin Bejin, ta gama a 1955, aka tura ta aiki cibiyar binciken magungunan gargajiya ta ƙasar. Daga baya ta yi shekara biyu da rabi tana koyon maganin gargajiyar Sin. Wato ta haɗa biyu, ta san na asibiti, ta san na kakanni.

A farkon 1969 aka ɗora mata shugabancin masu neman maganin zazzaɓi a cibiyarsu. Ba ta kai shekara 40 ba a lokacin, kuma ƙasar tana cikin rikicin siyasa, an kori malamai da masana da yawa daga wuraren aikinsu. Maigidanta ma an tura shi ƙauye. Ga 'ya'ya mata biyu, babbar shekara huɗu, ƙaramar shekara ɗaya. Ta kai babbar gidan renon yara, ƙaramar ta kai wa iyayenta a Ningbo. Ita da bakinta ta ba da labari daga baya cewa da ta koma bayan shekara uku, ƙaramar ba ta gane ta ba, babbar kuma da ta je ɗaukarta sai ta ɓuya a bayan malamarta. Duk wadda ta taɓa yaye ta san zafin wannan.

An tura ta tsibirin Hainan a kudancin ƙasar, inda zazzaɓi ya yi katutu, ta ga yadda yake kashe yara da idonta. Da ta dawo sai ta duƙufa. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan magani, suka yi ta tambayar masu maganin gargajiya, suka tara haɗe-haɗe sama da 2,000 da aka ce suna maganin zazzaɓi. Suka tace suka fitar da 640. Daga tsirrai wajen 200 suka tatso ruwan magani iri 380, suna gwadawa a kan ɓerayen da aka sa wa cutar. Yau a gwada, gobe a gwada, ba nasara.

A cikin tsirran akwai wani ganye da Sinawa ke kira cinhao. Dangi ɗaya suke da tazargade ɗin nan da muka sani. Wata rana ya nuna alamar aiki, wata rana ya ƙi. Abin ya ɗaure mata kai. Sai ta koma ga littattafai, ta ci karo da wani littafin taimakon gaggawa da wani masani mai suna Ge Hong ya rubuta sama da shekara 1,600 da suka wuce. A ciki ta lura cewa shi bai ce a dafa ganyen ba, jiƙa shi ya ce a yi a ruwa a matse. Nan hankalinta ya ba ta cewa watakila wuta ce ke ɓata maganin, domin su a ɗakin bincike tafasa shi suke yi. Mu mata mun san wannan a madafa, ganyen da ya daɗe a wuta amfaninsa tafiya yake yi.

Sai ta sake hanya. Ta yi amfani da wani sinadari mai suna eta, wanda ke tafasa a zafin da bai ma kai na jikin mutum ba, ta tatso maganin da shi. Ranar 4 ga Oktoba, 1971, gwaji mai lamba 191 ya kashe ƙwayoyin cutar kakaf a jikin ɓeraye, daga baya aka ga haka a jikin birai. Ku lura da lambar nan, 191. Wato sau 190 ana faɗuwa ana tashi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Saura gwaji a jikin mutum. Masana'antun magani a rufe suke saboda rikicin ƙasa, don haka a cikin manyan randunan ruwa irin na gida suka riƙa jiƙa ganyen da sinadarin, a ɗakin da iska ba ta ratsawa sosai, har ita Malama Tu ta kamu da ciwon hanta saboda shaƙar tururin. Ana kuma shakkar ko maganin yana da guba. Ga lokacin zazzaɓi na shekarar yana neman wucewa, in ya wuce sai a jira wata shekara. A 1972 ita da abokan aikinta biyu suka ce a fara da su. Aka kwantar da su a asibiti suka sha, likitoci na lura da su, ba abin da ya same su. Sannan ta ɗauki maganin ta koma Hainan, aka ba marasa lafiya 21, zazzaɓin ya sauka. A watan Nuwamba na shekarar suka tace ainihin sinadarin da ke aikin, fari ƙal kamar gishiri. Shi ne ake kira atemisinin.

Gaskiya ɗaya ce, ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Wasu masana a wasu lardunan ƙasar sun ƙara tace shi, wasu sun gwada shi a kan dubban marasa lafiya, wasu sun sarrafa shi ya zama ƙwaya da allura. Amma ita ta kawo ganyen cikin aikin, ita ta gano hanyar tatso shi, ita ta fara sha. Da aka buga sakamakon a 1977 ba a sa sunan kowa ba, haka tsarin ƙasar yake a lokacin. Ta yi shekaru da dama tana aikinta duniya ba ta san ta ba. Sai a 2011 aka ba ta wata babbar lambar yabo ta likitanci a Amurka, a 2015 kuma, tana da shekara 84, aka ba ta kyautar Nobel, wadda babu kamarta a fagen ilmi. Ita ce mace ta farko 'yar ƙasar Sin da ta samu. Ba ta da digirin dakta, ba ta kuma yi karatu a ƙasar waje ba.

A shekarar ta raba kyautar ne da wasu masana biyu, William Campbell da Satoshi Omura, waɗanda suka samo maganin nan da aka sani da Mectizan, da ake rabawa a ƙauyuka saboda makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa da kuma tundurmi. Shi ma tundurmi, mai kumbura ƙafa, sauro ne ke yaɗa shi.

Yadda maganin ke aiki

To yanzu mu dawo kan tambayar 'yar uwarmu. Ƙwayar cutar nan, mun ce tana cin abin da ke cikin jan jini. A cikin abin da take ci akwai sinadarin ƙarfe. Da atemisinin ya haɗu da wannan ƙarfe sai ya tashi, ya lalata ƙwayar cutar daga cikinta. Yana da sauri ƙwarai, shi ya sa mutum kan ji sauƙi tun ranar farko. Amma yana da aibi ɗaya, ba ya daɗewa a jiki. Cikin 'yan sa'o'i ya fita. Idan shi kaɗai aka sha na ɗan lokaci, 'yan ƙwayoyin da suka tsira za su sake hayayyafa.

Saboda haka masana suka yi masa abokin tafiya, wani magani wanda ba shi da sauri amma yana kwanaki a jiki. Kamar sharar tsakar gida ce. Ta farko ta zo da babbar tsintsiya ta kwashe tarin, ta biyu ta biyo baya tana bin lungu da saƙo da ƙarƙashin randa. Wannan haɗin shi ne ake rubuta wa ACT a jikin kwali, irin su Coartem da danginsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma gare shi tun 2001, Nijeriya kuma ta sauya daga kulorokwin zuwa gare shi a 2005.

Kin gani ke nan, 'yar uwa. Da kika sha na kwana ɗaya, tarin aka kwashe, shi ya sa kika ji garau. Na lungu suna nan. Su ne suka yi mako biyu suna hayayyafa suka dawo miki. Mai yiwuwa maganin ba shi da laifi ko kaɗan, aikin ne aka katse shi a tsakiya.

Akwai kuma na allura, mai suna atesunet, don zazzaɓi mai tsanani. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a kan yara sama da 5,400 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya. Aka tarar cewa allurar ta rage mace-mace da fiye da kashi 22 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Tun 2011 ita ce aka sa a gaba wajen jinyar yaran da zazzaɓi ya kayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2023, magani da gidan sauro da feshi da sauran matakai sun tsirar da rayuka wajen miliyan 12.7. Ita ƙasar Sin, wadda a shekarun 1940 take samun masu zazzaɓi miliyan 30 a shekara, a 2021 an tabbatar ta rabu da cutar baki ɗaya. Ashe abu ne mai yiwuwa.

Sai dai akwai abin tsoro. Abin da ya sami kulorokwin ya fara leƙo wannan maganin. Wajen 2008 aka gano ƙwayar cutar da ke jinkirin mutuwa da atemisinin a ƙasar Kambodiya. Daga baya aka tabbatar da irinta a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Maganin yana aiki har yanzu, amma duk wadda ta sha rabi ta ajiye rabi tana koya wa cutar yadda za ta gagare shi.

Abin da ke hannunmu

Na farko, ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin sauro ba. Akwai ciwon kunne, da ciwon huhu, da taifot, da ƙyanda, duk suna zuwa da zafin jiki. Gwaji yana da sauƙi, ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. A gwada kafin a sha. Mu daina aiken yaro kemis da kuɗi a hannu a ce a haɗo na zazzaɓi, a kawo ƙwayoyi kala-kala a ƙulle a leda, ba suna ba kwali. A sayi magani a kwalinsa, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace. In ba ki iya karantawa ba, ki ba ɗan makarantar gidan ya duba miki.

Na biyu, a shanye. Irin wanda aka fi bayarwa sau shida ake shansa cikin kwana uku. Na biyu yana biyo na farko da awa 8, daga nan safe da dare. A sha shi bayan an ci abinci mai ɗan maiƙo, ko da madara, ko nono, ko kunun gyaɗa, domin maiƙo ne ke taimaka masa ya shiga jiki. Mai shan mama a ba shi mama. Yawan ƙwayar da ake ba yaro ya danganta da nauyinsa, don haka kada a raba na yaro ɗaya wa yara biyu, kada kuma a gutsura wa jariri na babba. In yaro ya amayar da shi nan take, a sake ba shi, a kuma sanar da malamin asibiti don a cike gurbin.

Na uku, wata za ta ce tunda ganye ne dangin tazargade, ai sai in jiƙa nawa in sha. A'a 'yar uwa. Dangi ɗaya ba ya nufin abu ɗaya. Ko shi ainihin ganyen, yawan maganin da ke cikinsa yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma ɗan abin da ke fita a jiƙo ba ya isa ya gama da cutar, sai dai ya kwantar da ita ta sake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi jinyar zazzaɓin sauro da shayin ganyen ba. Darasin Malama Tu shi ne ba ta raina maganin kakanni ba, amma ba ta ba kowa ba sai da ta gwada, ta auna, ta san adadi.

Na huɗu, alamomin haɗari. Idan yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan mama ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba ya iya zama, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa na sama-sama, ko ya ɗashe fat, ko fitsarinsa ya yi baƙi, to wannan ba na gida ba ne. Asibiti, a daren, ba sai gari ya waye ba. Zazzaɓi mai tsanani yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai, kada a cusa masa cokali a baki, kada a turara masa hayaƙi.

A nan ina da wata shawara da nake so kowace mace ta riƙe. Na san wata maƙwabciyarmu da ɗanta ya fara jijjiga da tsakar dare, maigidan ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Ta zauna rungume da yaron tana kuka har asuba, don ba ta da izinin fita, ba kuma wanda aka bar wa amanar gidan. Da safe aka kai shi, an yi ƙoƙari, amma an makara. Ba wanda ya yi nufin haka, magana ce kawai da ba a taɓa yi ba. Saboda haka tun yau, lokacin da kowa ke lafiya, bayan maigida ya ci tuwo ya huta, ki ce masa, “Maigida, idan ciwo ya kama yaro ba ka nan, ka yarje mini in kai shi asibiti? Wa zan kira ya raka ni?” A tsayar da mutum, ko ƙaninsa, ko surukarki, ko maƙwabci mai abin hawa. A ajiye ɗan kuɗi a gefe wanda ba a taɓawa. Ku kuma iyayenmu maza da ke saurare ta zaure, don Allah ku ba da wannan izini tun kafin a tambaye ku.

Na biyar, rigakafi ya fi magani. Wani babban bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa a cikin zazzaɓin da aka kauce wa a Afirka tun daga 2000, wajen kashi biyu cikin uku albarkacin gidan sauro mai magani ne. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. In ya yage a ɗinke. A wanke shi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa. Ko a tsakar gida ake kwana saboda zafi, a kafa shi. Ba na rufe kaji ko shingen lambu ba ne. Sauro a ruwan da ke kwance yake ƙwai, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ya tashi, don haka a cike ramuka da ƙasa, a kife fasassun tukwane da gwangwanaye, a rufe randa, a buɗe wa kwata hanya.

Mai ciki ta je awo da wuri. Daga wata na huɗu ana ba da ƙwayoyin rigakafi irin Fansidar, aƙalla sau uku kafin haihuwa, da tazarar wata guda. Kada mai ciki ta sha maganin zazzaɓi da kanta sai malaman asibiti sun duba ta. Da damina kuma, idan masu rabon maganin rigakafin yara suka yi sallama, a buɗe musu ƙofa. Na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ana bayarwa wata-wata, na ranar farko a gabansu, na kwana biyun da ke biye kuma amana ce a hannun uwa. Akwai kuma allurar rigakafin zazzaɓin, wadda aka fara yi wa yara a Nijeriya a watan Disamba na 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ki tambaya a asibitin unguwarku ko ta iso. Ba ta maye gurbin gidan sauro ba, ƙari ce a kansa.

'Yan uwana, ku dubi wannan mata. Da iyayenta sun ce ita mace ce, ta zauna, da wa ya san yara nawa za a ƙara binnewa? 'Yar nan da ke gefenki tana haddar karatu, ba ki san abin da aka ajiye a kanta ba. Ki ƙarfafa mata. Ke ma da ke cikin gida, aikin Malama Tu bai cika sai da ke, domin ita ta kawo maganin har bakin ƙofa, amma hannun uwa ne ke kai shi bakin yaro, sau shida, kwana uku.

Ke kuma 'yar uwa mai tambaya, ki koma asibiti a sake gwada ki, a ba ki sabon magani, wannan karon ki shanye shi tas. Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana zuri'a.